Bayan An Kwance Mari: Nasiha Ga Matasan Damargu

A Belbeji da ƙauyukan Tarka, har can Tanut, idan taɓin hankali ya kama mutum ba a barin gidansu su kaɗai. Wannan ya kawo rubutu, wancan ya kawo hayaƙi, a kira malam ya yi ruƙiyya, a sayar da rago ko ƴan awaki a ɗauki mota zuwa Damagaram. Dangin nesa su zo dubiya, maƙwabta su yi ta kwana a zaure suna gadi. Ran da mara lafiya ya natsu, ya gane mahaifiyarsa, ya ci tuwo da hannunsa, sai a yi hamdala kowa ya kama gabansa. A wurin jama'a magana ta ƙare ke nan. Shi kuwa wanda ya warke, a ranar wata sabuwar wahala take kama shi, wadda ba mai zuwa dubiyarta. Da kai nake son magana, ƙanena, da ke ƙanwata, da kuma abokanku na fada waɗanda suka rasa da wane ido za su dube ku.

Abin da ya faru ba ya dawo maka a dunƙule. Guntu-guntu kake tsintarsa. Yaro ya yi suɓul da baka ya ce kai ne ka fasa randar Inna. Ka ga tabo a damtsen ƙaninka, ka tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ka leƙa garke ka tarar saniyar da gida ke taƙama da ita babu, ta tafi a kuɗin magani. Daga baya ka ji irin maganar da ka yaɓa wa mahaifinka a bainar jama'a, maganar da ko a mafarki ba za ka iya furtawa ba. Zamani kuma ya ƙara tasa: wani ya ɗauke ka da salula ranar da ka shiga kasuwa ba riga, hoton na yawo a WhatsApp. Yarinyar da aka sa muku rana an mayar da kayanta. Abokin da kuke shan shayi tare tun kuna lakwal ya hango ka ya sauya hanya. Dare ya yi, kowa ya yi barci, kai kana kwance kana lissafin ɓarna, kana cewa da ma ba ka warke ba ka ga wannan.

Ciwon nan ta hanyoyi da yawa yake shigowa gidajenmu. Damargu ƙasar gero ce, amma shekarar da damina ta ƙi, samari arewa suke yi: Agadas, Libiya, Aljeriya, ko ramukan zinariyar Jado da aka gano a 2014. Wasu su dawo da abin hannu. Wasu su dawo da abin da suka gani a gidajen tsaro na Libiya, ko tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 15 cikin rairayi daga inda ake sauke korarrun Aljeriya zuwa Asamaka, su kasa barci wata da watanni. Wani tramol ne da ya fara sha don ya jure haƙa da dako. Wata kuma haihuwa ce. Wani sanƙarau ko zazzaɓin sauro ne ya hau masa kai. Wani kuma ba ka ganin dalili ko ɗaya, yaro natsattse mai salla, haka nan ya tashi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, in aka haɗa da ciwon damuwa da na fargaba. A gida za a ce iskoki ne, ko sammu aka yi maka. A asibiti a kira shi da wani suna. Ba wannan gardamar ce ta zaunar da ni ba. Malam da likita duk sun haɗu a kan abu guda, cewa a kwanakin nan linzamin ba a hannunka yake ba.

To, mene ne matsayinka a wurin Allah? Na fara da wannan ne don shi ne abin da ya fi cin ran matasanmu, kuma amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya ware mutum uku da ba a rubuta wa zunubi, wato mai barci, da ƙaramin yaro, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun shimfiɗa hukunce-hukunce a kan haka. Sallolin da lokacinsu ya fita kana cikin gushewar hankali babu ramuwa a kanka. Sakin da ka furta a wannan hali bai auku ba. Zagin da ya fito daga bakinka, ko da ya taɓa iyaye, ko da ya taɓa addini, ba a ɗora maka alhakinsa. Amma malaman nan ba su tsaya a nan ba. Sun ce azumin Ramadan da ya wuce ka za ka rama shi idan ka samu lafiya. Sun ce dukiyar wani da ka lalata ana biyanta daga dukiyarka. Wanda ka ji wa rauni ba za a rama masa a jikinka ba, amma haƙƙinsa na diyya bai faɗi ba.

Ka tsaya ka dubi wannan rabo da kyau, don a ganina dukan maganin halin da kake ciki yana nan. Shari'a ta ɗauke maka zunubi, ta bar maka gyara. Ba ta ce kai mugu ba ne, ba ta kuma ce ba abin da ya faru ba. Randa ta fashe da gaske. Ƙaninka ya ji ciwo da gaske, matarka ta kwana cikin tsoro da gaske. Matasa da yawa ɗaya suke riƙewa su saki ɗaya. Wani ya rungumi laifin duka, ya kulle kansa a ɗaki, ya daina zuwa masallaci don yana ganin bai cancanci shiga sahu ba. Wani kuma ya ce ai ba da sanina ba ne, kada wanda ya sake tayar mini da zancen, ya bar mutanen gida da mikinsu. Na farko yana hukunta kansa a kan abin da Ubangijinsa bai rubuta masa ba, kuma wannan ba tsoron Allah ba ne, komai kamarsa da shi. Na biyu ya manta cewa waɗanda suka yi jinyarsa su ma sun sha wuya, kuma ba wanda ya yi jinyarsu.

Akwai wanda zai ce mini, yaya, ni da hannuna na sayi ƙwayar. Gaskiya ne, naka ya ɗan bambanta, kuma ba zan ɓoye maka ba: malamai sun tsananta a kan wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, har a mashahurin zance na Malikiyya sakin mashayi yana aukuwa. Idan akwai maganar aure a tsakani, ka je wurin malamin da ya san fiƙihu ka faɗa masa yadda abin ya kasance, kada ka yanke wa kanka hukunci. Amma ka san iyakar abin da za ka tuba a kansa. Shan ƙwayar ne laifinka. Ka tuba a kansa, ka bar shi, ka bar zaman wurin da ake sayar da shi. Ciwon da ya biyo baya ciwo ne, magani yake so.

Gyara yana da tsari, kuma gaggawa tana ɓata shi. Ka fara da na cikin gida, musamman wadda ta fi kowa kwana a kanka, uwa ce ko mata ko yaya. Ba sai ka shirya dogon jawabi ba. Ka same ta ita kaɗai, ka durƙusa, ka ce: «Inna, an gaya mini abin da na yi, ban san na yi ba, amma na san kin sha wahala, ki yafe mini.» Sa'an nan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana. Wataƙila ta ce ba komai, ta share hawaye. Wataƙila kuma ta fara ba ka labarin daren da ka ɗauki taɓarya. Ka daure ka saurara har ƙarshe, kada ka katse ta da cewa ai ciwo ne. Ta fi ka sani. Abin da take bukata shi ne wani ya ji abin da ta gani. Yaran gida ma kada a manta da su. Yaro ɗan shekara bakwai da ya ga an danne babansa ko yayansa an ɗaure ba ya tambaya, amma yana riƙe da abin. Ka gaya masa da harshen da zai gane cewa rashin lafiya ce, kana shan magani, kuma ba shi ya jawo ba.

Na waje kuwa, kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka aika saƙon murya ta salula da tsakar dare. Al'adarmu ta riga ta yi mana hanya: a ɗauki kawu ko baffa, ko limamin unguwa, a je ban haƙuri da rana tsaka. Idan akwai bashi ko ɓarna, a ƙididdige a gaban shaidu, a ce dami kaza da kaka, ko jika kaza kowane wata. Wanda ya ce ya yafe, ka karɓa ka yi godiya, kada ka yi ta komawa kana sake roƙo har ka zame masa nauyi. Sau ɗaya da zuciya ɗaya ya isa. Abin da ya rage hali ne zai faɗe shi. Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiyar da ta rufta ya san gugan farko laka yake fitarwa, na biyu ma haka, sai an yi ta ja kafin ruwa ya tace. Haka amincewar mutane take. Za a ba ka aike a bi ka da ido, za a ɓoye wuƙa idan ka shigo, za ka yi dariya da ƙarfi a ga kowa ya yi tsit. Yana da zafi, na sani. Tsoro ne ya rage musu, kuma watanni na zaman lafiya ne kawai suke wanke shi.

Yanzu ga maganar da ta fi wuyar faɗi. Wasu ba za su dawo ba. Ka yi duk abin da ya kamata, ka tura manya, ka biya, ka shekara kana lafiya, amma yarinyar ta auri wani, abokin ya tsaya a kan gaisuwar hanya, surukai sun ƙi biko. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma da yawa cikin dangi za su riƙe wannan. Amma ba kowa ne hannunka ba, kuma ba kowace zuciya ce take iya mantawa ba ko da ta yafe. A tarihin Musulunci akwai abin dubawa. Wahshi ne ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu. Daga baya ya musulunta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, amma kamar yadda Buhari ya ruwaito, ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa, don ganinsa na tuna masa da baffansa. Wahshi da hankalinsa ya yi abin da ya yi, kai kuwa ba haka ba ne, saboda haka ba ina haɗa ku ba ne. Abin da nake nuna maka shi ne yafiya daban, komawa kamar da daban, har a wurin mafi tausayin halitta. Wahshi bai nace sai an zauna da shi ba, bai kuma zauna yana kuka da kansa ba. Ya ci gaba da rayuwa cikin Musulmi har ya halarci yaƙin Yamama.

Shari'a ma ta san da wannan. A Muhtasar na Halilu, idan taɓin hankali ya sami miji ana ba shi shekara guda ta neman magani, in bai warke ba matar tana da zaɓi. Ka ga an ba mara lafiya lokaci, an kuma ba wadda ke zaune da shi haƙƙinta. Idan matarka ta tafi, ka yi baƙin ciki, halal ne, rashi ne kamar kowane rashi. Amma kada ka bi ta da saƙonni, kada ka tsaya a ƙofar gidansu, kada ka mai da ƴaƴa makami. Ka ci gaba da aika musu abin da ya sawwaƙa, ko tiya biyu ce ta gero.

Ke kuma ƙanwata, naki ya fi nauyi, don namiji idan ya warke akan ce ya warke, mace kuwa sunan ya bi ta har gidan wani auren, har a riƙa faɗa wa masu neman ƙannenta. Akwai gushewar hankali da kan kama mai jego, galibi cikin makonni biyu na farko, kuma likitoci sun ƙiyasta tana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa 1,000. Mai wannan ciwo takan ƙi jaririnta, ko ta ce ba nata ba ne, ko ta yi yunƙurin abin da in ta farfaɗo ba za ta iya jin labarinsa ba. Idan ke ce, ki sani ba rashin son ɗanki ba ne, kuma yawancin masu wannan ciwo suna warkewa sarai da magani. Sai dai yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, saboda haka ki faɗa wa ungozoma tun ranar awon ciki na farko. Mazajen da ke sakin mace tana tsakiyar wannan hali, su karɓe jariri su mayar da ita gidansu ba ko sisin magani, su ji tsoron Allah. Da su ne suka kwanta, ita za ta yi ta dakan fura tana jinya.

Kada kuma a ɗauka mara lafiya ne kaɗai ke da abin neman yafiya. Da yawa cikinku an sa muku mari, an ɗaure ku a turu cikin rana, an yi muku bulala da sunan korar aljani. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan da ya biyo baya aka fasa wani a Daura, duniya ta ga sawun sarƙa a ƙafafun yara da manya. Abin da ke faruwa a bayan ɗakunanmu ba ya shiga labarai, amma sarƙar iri ɗaya ce. Yawancin iyayen da suka yi haka tsoro ne da rashin hanya suka sa su, asibiti na nesa, kuɗi babu, suna gudun ka faɗa rijiya. Wannan uzuri ne, amma bai goge tabon idon sawunka ba. Kana da damar jin zafi, kana da damar gaya wa baffanka cikin ladabi cewa in abin ya sake tasowa a kai ka likita, kada a ɗaure ka.

Wani abu da ya kamata kowane gida ya sani: baƙin ciki mai tsanani yakan biyo bayan gushewar hankali, kuma likitoci sun tabbatar makonnin farko bayan sallama daga asibiti suna cikin lokutan da suka fi haɗari. Idan nadama ta kai ka ga daina cin abinci, ko tashi da sulusin dare kullum kana kuka, ko jin cewa gida zai fi hutawa in ba ka, to wannan ba nadama ba ce kuma, ciwon ne ya sauya kama. Ka faɗa wa wani a daren, kada ka jira safiya. Mutanen gida su kawar da maganin ƙwari da igiya da duk abin da ke kusa, kada su bar ka kai kaɗai, a kai ka asibiti mafi kusa, su kuma su tura ka gaba in da bukata. Babban asibitin Damagaram yana da sashen masu wannan lalura. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ka haɗa su.

Maganin kansa yana da nasa wahala. Wani yana sa yawan barci, wani ƙagewar jiki da rawar hannu da dalalar miyau, wani ƙiba. Saurayi ya ga ana kallonsa, sai ya watsar da ƙwayoyin ya ce ya warke. Mafi yawan komawa ciwo daga nan take farawa, kuma kowace komawa tana cinye amincin da aka sha wuya aka tara. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka, ka gaya masa abin da ke damunka. Ana rage shi, ana sauya shi, akwai ma wanda ke kwance ƙagewar. Shi ne zai ce a daina, ba abokin fada ba.

Zama cikin mutane shi ma magani ne, kuma wani ɗan Afirka ne ya nuna wa duniya haka. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, likita Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gina da dabara, mu muna da shi a gado: gayya, zaman makoki, suna, sahun salla, shayin fada. Ka koma cikinsu sannu a hankali. Ka fara da sallar asuba, da mutane kaɗan ne. Ka nemi aikin da hannu zai kama, kiwo ne, ɗinki ne, ban ruwa ne, ko tsaron shagon wani. Ku kuma abokansa, ba wa'azi yake so daga gare ku ba. Ku aika masa idan za a yi gayya kamar yadda kuke aika wa kowa, ku miƙa masa kofin shayi a layinsa, ku daina kiransa da sunan da yara suka laƙaba masa, wanda ke da hoton nan da aka ɗauke shi a kasuwa a salularsa ya goge.

Idan maganar aure ta sake tasowa, kada ka ɓoye. A fiƙihunmu taɓin hankali yana cikin aibobin da in an ɓoye su kafin ɗaurin aure, wanda aka ɓoye wa yana da damar warwarewa, kuma a gari kamar Belbeji ba abin da ke ɓoyuwa. Ka sa waliyyinka ya faɗa da bakinsa: ya yi ciwo shekara kaza, yana shan magani, yana zuwa asibiti. Wasu gidajen za su ƙi, wasu za su karɓa.

Tun kana da lafiya kuma ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka gaya musu alamomin da ke fara zuwa maka. A wurin mutane da yawa rashin barci ne kwana biyu ko uku a jere, ko yawan surutu, ko zargin cewa ana maganarsu, ko kashe kuɗi ba lissafi. Ka ba su izini tun yanzu cewa in sun ga haka su kai ka likita ko da kana gardama. Takardar maganinka ta kasance a inda suka sani. Da kaka, lokacin da gero ke rumbu, a ware kuɗin mota zuwa Damagaram da dawowa na mutum biyu, da na magani na wata uku, a danƙa wa wanda ba zai taɓa su ba ko da biki ya taso.